Da Ruwan Ciki Akan Ja Na Rijiya

Bimbinin safiya. Karatu: Zabura 42 da 43

Kafin ku ci gaba da wannan shafi, ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta zaburoyin nan biyu a jere, da murya, ko da ƙasa-ƙasa ne don kada yara su farka. Za ku ji amshi ɗaya yana dawowa har sau uku, sau biyu a ta 42, sau ɗaya a ƙarshen ta 43. Shi ya sa masana da yawa suke ganin tun asali waƙa ɗaya ce aka raba ta biyu.

Mai waƙar ya fara da kwatanta ransa da barewa mai neman rafi. Mun saba ganin hoton a jikin kalanda: barewa sumul, ciyawa kore shar, ruwa garau. Wanda ya san bazarar Sakkwato ya san ba haka abin yake ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, tabkuna sun ƙafe ƙasarsu ta tsattsage, dabbar da ke neman ruwa haƙarƙarinta a waje suke, harshenta ya bushe. Ta san inda ɗan ruwan ya rage nan maharbi yake kwanto, amma dole ta je. Irin wannan marmari zaburar take nufi. Ba shi da kyan gani, mai shi kuma bai zaɓe shi ba.

Kan zaburar ya danganta ta ga zuriyar Kora, gidan da suka gaji waƙa da tsaron ƙofa a Haikali. Mutumin da ke magana a ciki ya saba shiga gaban taro ranar idi, ana tafiya ɗakin Allah da sowa. Yanzu ga shi can arewa, wajen Dutsen Harmon inda Kogin Urdun yake fitowa, nesa da Urushalima, kuka ya hana shi cin abinci, mutane kuma suna yini suna tambayarsa inda Allahnsa ya shiga. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tunawa. Da bai taɓa ɗanɗana daɗin sujada ba, da rashinta bai dame shi haka ba.

Kiristan da aiki ko kasuwanci ya kawo shi gabashin Sakkwato ba ya bukatar a fassara masa wannan. Malamin makaranta daga Zuru, ma'aikaciyar jinya daga Filato, ɗan sanda daga kudancin Kaduna, ɗan bautar ƙasa da aka tura Rabah ko Wurno ko Goronyo, duk sun san yadda safiyar Lahadi takan zo da nauyi. A gida, war haka an cika majami'a, Zumuntar Mata sun ɗaura ɗankwali iri ɗaya, ana buga tulu ana kaɗa caki, waƙa tana tashi har bakin titi. A nan kuwa Lahadi ce ranar kasuwar Goronyo. Motoci da babura da amalanke suna ta wucewa da buhunan albasa, kai kuma kana zaune da 'yan'uwa kaɗan a ɗaki ɗaya, wani lokaci ma kai kaɗai da Littafinka a kan cinya. Maƙwabta mutanen kirki ne, suna gaishe ka, suna aiko maka da tuwo da nama ranar Sallah, amma akwai wani gurbi a zuciya da gaisuwa ba ta cike shi.

Sai dai mu lura, mai zaburar bai ce yana ƙishin Urushalima ba, bai kuma ce yana ƙishin taron idi ba, ko da yake yana kewarsu. Allah kansa yake ƙishi, Allah mai rai. Yawancin addu'o'inmu na safe roƙon kyautai ne: a sauya mini wurin aiki, albashi ya shigo, yaro ya warke, hanyar Sakkwato ta yi lafiya yau. Duk waɗannan halal ne mu roƙa, Uba ne, ya ce mu roƙa. Amma akwai ranar da za ka samu duka, ka zauna a bakin gado ka ji har yanzu da saura. Akwai kuma ranar da za ka durƙusa ka ji kamar addu'arka ba ta wuce rufin kwano ba. Ka karanta sura guda, ka rufe, ba ka tuna kalma ɗaya ba. Zunubin da ka yi kuka a kansa makon jiya ya sake kayar da kai. A ranar nan ne mutum yake gane cewa abin da yake bukata ya fi taimako. Yana bukatar Allah ya juyo da fuskarsa gare shi, ya karɓe shi, ya ɗaga shi, alhali ba shi da abin biya. Wannan shi ne alheri, kuma marmarinsa ne muke bimbini a kai yau.

A wannan hali Shaiɗan yakan zo da wata magana mai kama da gaskiya. Yakan ce: da kai na Allah ne, da ba ka ji wannan bushewa ba, dubi wane, kullum fuskarsa a sake, kai an riga an yashe ka. Na ga wannan magana ta karya gwiwar masu bi na ƙwarai, har wasu suka daina addu'a don kunya. Ƙarya ce, kuma gonakin rani na ƙasar nan za su taimake mu mu ga dalili.

Madatsar ruwa ta Goronyo tana kan Gulbin Rima. An gama gininta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Bangonta ya haura kilomita 12, an kuma tsara ta ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Daga gare ta ake sako ruwan da manoman rani suke shayar da albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama, daga gare ta birnin Sakkwato yake samun ruwan famfo, har Argungu da Birnin Kebbi suna cin moriyarta. To amma ka tambayi mutumin Boyekai, ko na Takakume, ko na Shinaka, daga ina ruwan nan ya fito? Akasarinsa ba a gonarsa ya zuba ba. Ruwan sama ne da ya sauka a ƙasashen Katsina da Zamfara watanni da suka wuce, ya biyo Gulbin Bunsuru da Gulbin Gagare. Wani ma daga ƙasar Katsina ya tashi, ya tsallaka iyaka ya shiga Nijar, ya wuce ta Maraɗi, sannan ya dawo Najeriya ta wajen Sabon Birni. Manomin da yake ban ruwa a watan Fabrairu, ana tsakiyar rani ba gajimare ko ɗaya a sama, yana shayar da gonarsa ne da damina wadda bai gani ba, wadda ta sauka a ƙasar mutanen da bai sani ba, tun kafin ya dasa albasarsa.

Haka alherin Allah ya riga mu. Manzo Bulus ya tuna wa Romawa, a sura ta 5, cewa Almasihu ya mutu dominmu tun muna cikin zunubinmu, ba bayan mun gyaru ba. An gama aikin a kan gicciye a bayan birnin Urushalima tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba. Bushewar da kake ji yau da safe ba ta rage ko ɗigo daga abin da aka riga aka tanada.

Yanzu matso kusa ka dubi manomin nan yana tayar da injin ban ruwa da sassafe, sanyin hunturu yana cizon yatsu. Ya jefa tiyo cikin gulbi, ko ya haɗa shi da bututun rijiyar da ya haƙa a fadama, amma ba ya jan igiya tukuna. Sai ya kwance murfin da ke saman injin, ya ɗebo ruwa a galan ya ɗura a ciki har ya cika ya tumbatsa, ya mayar da murfi ya ɗaure tam. Sannan ya dafa injin da ƙafa ya finciki igiya. Injin ya yi tari, ya kama, tiyo ya shiga rawa, can sai ruwa ya ɓarke ta ɗaya bakin ya bi kwata. Yaronsa yana can da fartanya, yana buɗe bakin fangali ɗaya, in ya cika ya toshe da laka ya buɗe na gaba. Idan manomin ya manta da ɗurin nan na farko, injin zai yi ta ruri yana shan fetur yana jan iska, ko da gulbi cike yake a gabansa. Busasshen inji ba ya jan ruwa. Magabata sun riga sun faɗa: da ruwan ciki akan ja na rijiya.

To wa ya ɗura maka ruwan farko? Wannan ɗan marmari da ya tashe ka da asuba, ya sa ka buɗe Littafi alhali jikinka yana son barci, wannan baƙin ciki da kake ji saboda zunubinka, wannan kewar Allah da ta hana ka sakewa da abin duniya, daga ina suka fito? Zuciyar ɗan Adam da kanta ba ta neman Allah, ɓuya take yi, kamar yadda Adamu ya ɓuya a cikin itatuwa. Yesu ya faɗa a Yahaya sura ta 6 cewa zuwan mutum gare shi sai da jawowar Uba. Bulus ya gaya wa Filibiyawa, a sura ta 2, cewa har son aikata nufin Allah ma Allah ne yake sa shi a cikinmu. Ashe ƙishirwar da kake jin kunyarta ita ce shaidar cewa hannun Allah ya riga ya taɓa ka. Gawa ba ta jin ƙishirwa. Wanda aka yashe da gaske ba ya kwana yana damuwa ko an yashe shi.

Ikilisiya ta daɗe da yin gardama a kan wannan batu, kuma a nahiyarmu ta Afirka aka fi yin ta. Agustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste, ya kuma zama bishop na Hippo, garuruwan da yau suke cikin Aljeriya, ya yi shekaru yana ja da koyarwar Felagiyus, wani malami daga Birtaniya. Felagiyus mutum ne mai tsantseni, ya ga lalacin Kiristocin Roma ya dame shi, sai ya koyar cewa mutum yana da ikon yin biyayya da ƙarfin kansa in ya ƙudura. Agustin kuwa ya san zuciyarsa. Ya yi shekaru yana son barin zunubi yana kasawa, don haka ya tsaya a kan cewa matakin farko ma kyauta ne. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Kartaj a 418 ta ƙi koyarwar Felagiyus, wata kuma da ta zauna a Oranj, a kudancin Faransa ta yau, a 529, ta tabbatar cewa mafarin bangaskiya da marmarinta duk daga alheri suke. Ina ganin da yawa daga cikinmu mun yarda da Agustin a baki, amma ranar Litinin da safe almajiran Felagiyus ne mu. Muna lissafin azumin da muka yi, da zakkar da muka fitar, da yawan surorin da muka karanta, mu ɗauka su ne kuɗin shiga. Ranar da lissafin ya yi kyau mu kumbura, ranar da ya yi ƙasa mu ɓuya. Duka biyun ciwo ɗaya ne.

Ku tuna da Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, a 2 Sarakuna sura ta 5. Kuturta ta kama shi, wata yarinya baiwa daga Isra'ila ta ba da labarin annabi. Ya taso da azurfa talanti 10, da zinariya shekel 6,000, da riguna 10, da wasiƙar sarki a hannu. Elisha ko fitowa bai yi ba, saƙo ya aika masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Urdun. Na'aman ya husata, don yana ganin kogunan Dimashƙu sun fi wannan rafi nesa ba kusa ba. Barorinsa ne suka lallashe shi, suka kira shi Baba, suka nuna masa cewa da abu mai wuya aka ce ya yi, da ya yi. Nan gizo yake saƙa. Abu mai wuya yana barin mutum da abin taƙama, kyauta kuwa tana tuɓe masa rawani. Ya shiga ruwan, ya warke, ya dawo da dukiyarsa yana roƙon a karɓa, Elisha ya ƙi taɓa ko anini. Gehazi baran annabi ne ya bi shi a guje ya yi ƙarya ya karɓa, kuturtar kuwa ta koma kansa.

'Ya'yan Gehazi ba su ƙare ba. Duk wanda ya ce maka sai ka sayi kwalbar mai ko robar ruwa daga hannunsa, ko ka aika da wani adadin kuɗi, kafin Allah ya dube ka, ya ɗauki abin da Almasihu ya biya da jininsa ya kasa a faifai. Mai ƙishirwa yana da saurin ruɗuwa, shi ya sa suke samun kasuwa. Ishaya sura ta 55 gayyata ce ga masu ƙishi waɗanda aljihunsu ba komai. Ka riƙe wannan da kyau, musamman ke 'yar'uwa da kike neman haihuwa ko lafiyar ɗa, don ku ne aka fi yi wa wannan tarko.

A jihar nan ma akwai shaida. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da masu ciwon kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Waɗanda suka je can mutane ne da ciwo ya raba su da gida da sana'a, ba su da abin kai wa kowa. A cikin irinsu ne aka samu wasu daga cikin masu bi na farko a ƙasashen sarakunan arewa. Allah bai fara da manya ba, kuma har gobe bai sauya hali ba.

Amma kada in sa ku ɗauka alherin Allah daidai yake da madatsar Goronyo, don madatsa tana kasawa. A farkon 2018 ruwanta ya ja baya har aka ba da rahoton cewa abin da ya rage bai fi kashi 10 cikin 100 ba. Ƙasa ta bayyana a inda da jirgin ruwa yake bi, manoma suka shiga zullumi, birnin Sakkwato ya shiga fargabar rashin ruwan sha. Aikin hannun mutum ke nan, yana da iyaka, yashi yana cike shi, yana jiran damina kamar kowa. Taskar Allah ba ta jiran damina. Littafin Makoki, wanda aka rubuta a kan kangon Urushalima, shi ne ya ce jinƙan Ubangiji yana sabuntuwa kowace safiya. Mutumin da ya ga an ƙone birninsu ne ya faɗi haka, shi ya sa nake gaskata shi.

Akwai kuma ɗaya fuskar. A tsakiyar Zabura 42, mutumin da ya fara da ƙishirwa sai ga shi yana nutsewa, igiyoyin ruwa suna bi ta kansa. Mutanen Rima sun san wannan ma. A watan Satumba na 2010 gulbi ya cika ya fi ƙarfin madatsar, ruwa ya shafe ƙauyuka da gonaki a ƙasar Goronyo da ƙasashen da ke gangare, gidajen laka suka narke, rumbuna suka tafi da hatsin shekara, har gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta karye. Wata ambaliyar kuma ba ta ruwa ba ce. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka gudu Gandi. A watan Oktoba na 2021 suka shiga kasuwar Goronyo suka kashe mutane fiye da 40, talakawa masu neman abin kai wa iyali. Maƙwabtanmu ne, Allah ya ji kukan marayunsu da gwaurayensu. Wanda yake kwana da kunne ɗaya a buɗe, yana jin ƙarar babur da dare gabansa ya faɗi, ba sai wani ya tambaye shi inda Allahnsa yake ba. Tambayar daga cikinsa take tasowa.

Ba ni da amsar da za ta share wannan, kuma ina tsoron mai wa'azin da yake da ita a saman harshe. Abin da na gani a zaburar shi ne, mutumin bai daina magana da Allah ba. Ya tambaye shi kai tsaye dalilin da ya sa ya manta da shi, amma a numfashi guda ya kira shi dutsensa. Ko igiyoyin da suke binne shi, na Allah ya kira su, wato bai yarda cewa akwai wani ruwa da ya kuɓuce daga hannun Ubangiji ba. Kai ƙara wurin Allah bangaskiya ce. Wanda ya fid da rai ba ya kai ƙara, tattara kayansa yake yi ya tafi. Sau uku kuma mai zaburar ya juya ya yi wa ransa faɗa, yana tambayarsa dalilin karaya, yana umartarsa ya sa zuciya ga Allah. Sau uku, domin na farko bai isa ba, na biyu ma bai isa ba. Har waƙar ta ƙare yana nan a Harmon, ba a ce ya koma Urushalima ba.

Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, kamar yadda ya ba da labari a 2 Korantiyawa sura ta 12. Amsar da ya samu ita ce ƙayar za ta zauna, alherin kuma zai wadatar da shi. Wannan amsa tana da nauyi. Muna so alheri ya zo ya ɗauke kayan daga kanmu, sau da yawa kuwa yakan zo ne ya ƙarfafa wuyan da ke ɗauke da su. Ma'aikaciyar jinyar da ta tashi yau ta tafi asibitin ƙauye, ta wanke ciwon wanda ba ta sani ba da hannu mai taushi, alhali ita ma ba ta yi barci ba, tana tafiya ne da alherin da ba ta ji shigarsa ba. Ba kullum alheri yake zuwa da hawayen daɗi da tsuma ba. Wani lokaci alamarsa kaɗai ita ce ka kai yamma ba ka zagi kowa ba, ba ka karɓi cin hanci ba, ba ka bar bangaskiya ba.

To me mai ƙishi zai yi? Annabi Irmiya, a sura ta 2, ya zargi mutanensa da laifi biyu: barin maɓuɓɓuga, da haƙa wa kansu tafkunan da suke yoyo. Na biyun ne ya fi kama mu. Zuciya ta bushe, sai hannu ya kai ga waya tun ido bai gama buɗewa ba, a yi awa guda a Facebook da WhatsApp, a tashi da ƙishirwar da ta fi ta farko. Wani kwalba yake nema, wani hirar da bai kamata ba da matar da ba tasa ba, wani kuma a ɓoye ya je wurin boka ya karɓo laya saboda tsoron hanya. Kowannensu yana kashe ƙishi na awa ɗaya, ya bar gishiri a maƙogwaro.

Manomi ba ya ƙera ruwa, amma yana gyara kwata, yana cire ciyawar da ta toshe ta, yana buɗe bakin fangali. Namu ke nan. Maganar Allah tana hannunmu da harshenmu: tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa shekaru da yawa. Ka buɗe shi ko ba ka jin daɗin karatun. Ka yi addu'a ko da kalma biyar ce, kamar mai karɓar harajin nan na Luka sura ta 18 da ya tsaya daga nesa ya kasa ɗaga ido, shi ne kuwa ya koma gida a karɓe. Ka furta zunubinka da sunansa, kada ka lulluɓe shi. Ka nemi 'yan'uwa ko su biyu ne, in hanya ta yi kyau ka je inda ake cin Jibin Ubangiji, ka miƙa hannu wofi a sa maka gurasa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake sayen alheri. Tsayawa ce kawai a inda Allah ya yi alkawarin saduwa da mu.

Abu ɗaya ya rage. Duk inda ake ban ruwa da kwata ɗaya, rigimar da ba ta ƙarewa ita ce ta na sama da na ƙasa: wanda gonarsa take kusa da bakin ruwa ya toshe ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi albasarsa tana ƙonewa. Kada mu zama haka. Bawan nan na Matiyu sura ta 18, wanda aka yafe masa bashin da ba zai iya biya ba har abada, ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa saboda 'yan kuɗi kaɗan, ƙarshensa bai yi kyau ba. Idan akwai wanda ka daina gaisarwa, a gida ko a wurin aiki, Kirista ne ko Musulmi, ka riga shi gaisuwa yau kafin rana ta take. Idan akwai ɗan gudun hijira a unguwarku da yaransa suka kwana da yunwa, ka auna masa daga abin da ke rumbunka, kada ka tambaye shi addininsa.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, ga mu a gabanka da safiyar nan hannu wofi. Ka san waɗanda suka tashi da murna a cikinmu, ka san waɗanda suka tashi da nauyin zuciya. Mun gode domin kai ka fara nemanmu, kai ka sa mana marmarinka. Ka gafarta mana inda muka nemi biyanka da ayyukanmu, da inda muka nemi ƙoshi a wurin da ba naka ba. Ka tuna da bayinka da suke zaune nesa da ikilisiyoyinsu a Rabah da Wurno da Goronyo, ka zama zumuntarsu. Ka tsare manoma a gonakinsu, da matafiya a kan hanya, da 'yan kasuwa a rumfunansu. Ka ta'azantar da waɗanda aka kashe wa nasu, ka komo da waɗanda aka sace, ka juyo da zukatan masu zub da jini, ka ba shugabanninmu tsoronka. Abin da ba za ka ɗauke mana ba yau, ka ba mu ƙarfin ɗaukarsa. Ka sa mu yafe kamar yadda ka yafe mana. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.